Na rantse sau uku na karya: amsa ga ɗan'uwan da giya ta hana sakat

Assalamu alaikum Malam. Shekarata 39, ma'aikacin gwamnati ne ni a Kaduna, ina da mata da 'ya'ya huɗu. Na fara shan giya lokacin bautar ƙasa da sunan ɗanɗani, yau shekara 14 ke nan. Wanda ya gan ni a sahun masallaci ba zai taɓa zato ba. Sau uku ina dafa Alƙur'ani in rantse na daina, sau uku ina karyawa. Duk azumi nakan bari, ko da yake kwanakin farko hannuna kan yi ta rawa, gumi ya yi ta keto mini, barci ya gagara. Amma kafin a gama Sitta Shawwal na koma ruwa. Watan jiya na ɗauko 'yata daga Islamiyya a buge, mota ta ƙwace mini muka faɗa kwata. Allah Ya tsare, sai dai kallon da yarinyar ta yi mini har yau yana idona. Wani abokin aikina Kirista, wanda ya shekara shida bai sha ba, ya ce wata ƙungiya mai suna Alcoholics Anonymous ce ta taimake shi, kuma zai haɗa ni da zamansu ta waya. Malam, ina tsoron kada addinin wasu ne. Ina tsoron tona wa kaina asiri bayan Allah Ya rufa. Kuma ya ce matakin farko shi ne mutum ya yarda ba shi da iko a kan giya. Wannan ba ragwanci ba ne?

Naka, Mai neman mafita, Kaduna.

Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma kafin in taɓa tambayoyinka uku akwai abin da ya fi su gaggawa.

Rawar hannu da gumi da rashin barcin nan da kake yi a farkon azumi, kada ka ɗauke su kasalar sabon mai azumi. Alama ce jikinka ya riga ya saba da giya har ya dogara da ita. Ƙwaƙwalwar da ta shekara da shekaru giya tana danne ta takan ƙara wa kanta wuta don ta iya aiki, to ranar da aka janye giyar farat ɗaya sai wutar ta yi yawa. A cikin kwana biyun farko mutum na iya faɗuwa yana jijjiga kamar mai farfaɗiya. Wajen kwana na biyu zuwa na huɗu wasu kan rikice, zazzaɓi ya rufe su, su riƙa ganin abin da babu. Wannan yana kisa idan ba a asibiti aka tare shi ba, kuma wanda ya sha dainawa yana komawa, kamar kai, kowane zagaye kan fi na baya tsanani. Don haka kada ka karanta amsar nan ka yi zuciya ka yanke sha yau da dare kai kaɗai a ɗaki. Ka ga likita tukuna. A garinku akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa, kuma kula da masu shaye-shaye yana cikin aikinsu. Na san abin da mutanenmu ke cewa game da mai shiga can. Ka bar su da maganarsu. Ka faɗa wa likita gaskiyar yawan abin da kake sha, kada ka rage ko kwalba ɗaya, domin da wannan lissafin zai san maganin da zai ba ka na kwanakin farko, ya duba hantarka, ya kuma ga ko ka dace da magungunan rage kwaɗayin sha irin su naltrexone. Makullin mota kuwa, daga yau duk ranar da ka kurɓa ko ɗigo ne, ba naka ba ne. Ka biya mai a-daidaita ya ɗauko yarinyar.

Yanzu ga abin da ya fi tsaya mini a wasiƙarka. Ka ce duk Ramadan kakan bari. Ka taɓa tambayar kanka dalili? Imaninka na Ramadan da na Shawwal ai na mutum ɗaya ne. Abin da ya bambanta shi ne a Ramadan gari duka yana kamewa tare da kai. Akwai lokacin sahur, akwai na buɗa-baki, akwai tafsiri, akwai asham, ga mutane hagu da dama suna jin yunwar da kake ji. Da an sha ruwan Sallah kowa ya watse, sai ka rage kai da sirrinka da hanyar da motarka ta haddace bayan an tashi aiki. Rantsuwarka uku kuma duk a ɓoye ka yi su, babu wanda ya sani balle ya tambaye ka washegari yaya aka kwana. Wato ka riga ka gwada da kanka, shekara bayan shekara, cewa cikin jama'a kana iyawa, kai kaɗai kana faɗuwa. Ƙungiyar da abokinka ya ambata a kan wannan aka gina ta.

Bari in ba ka asalinta. A watan Mayu na 1935 wani dillalin hannun jari daga New York mai suna Bill Wilson ya je garin Akron a jihar Ohayo ta Amurka kan wata harkar kasuwanci, harkar ta rushe. Yana da wata biyar rabonsa da giya, bayan an sha kwantar da shi a asibiti saboda ita. Ya tsaya a farfajiyar otal ɗinsa, ga mashaya can gefe ana ta raha, ya ji ransa ya biya. Maimakon ya shiga, sai ya nufi wayar tarho ya yi ta kira yana neman a haɗa shi da wani mashayi da zai yi magana da shi. Aka haɗa shi da wani likitan tiyata, Dakta Bob Smith, wanda giya ta kusa raba shi da aikinsa. Likitan ya ce minti 15 kawai zai bayar. Suka shafe wajen awa shida. Abin da ya kama shi, Bill bai zo masa da wa'azi ko faɗa ba. Labarin kansa ya ba shi, kuma ya gaya masa cewa shi ma don ya tsira ya zo. Ranar 10 ga Yunin 1935 ita ake lissafawa ranar da Dakta Bob ya yi shansa na ƙarshe, ita ce kuma ranar kafuwar ƙungiyar. A 1939 suka fitar da littafinsu mai ɗauke da matakai 12. Yau ana ƙiyasta 'yan ƙungiyar sun kai wajen miliyan biyu a ƙasashe kusan 180. Sunanta in aka juya shi da Hausa, mashayan da ba a ambaton sunansu.

Tambayarka ta farko, ko addinin wasu ce. Ba zan ɓoye maka ba, waɗanda suka kafa ta sun fito ne daga wata ƙungiyar farfaɗo da addinin Kirista da ake kira Oxford Group, kuma har gobe taruka da yawa a ɗakunan coci ake yin su, wasu ma da addu'ar Kirista suke rufewa. Sai dai tun wajen rubuta matakan an yi ja-in-ja a tsakaninsu, domin akwai waɗanda ba su yarda da kowane addini ba, aka tsaya a kan lafazin da ya bar wa kowa Ubangijinsa kamar yadda ya san Shi. Ƙa'idarsu ce ba sa jingina da wata ɗariƙa ko jam'iyya, kuma sharaɗin shiga guda ne tak: mutum ya kasance yana son daina sha. Ba a cika fom, ba a yin mubaya'a, ba mai tambayar ka alƙiblarka. Idan aka zo addu'ar da ba taka ba, ka yi shiru ka yi taka a zuci. Musulmi sun riga ka shiga wannan hanya. A 1989 wasu Musulmi a birnin Baltimore na Amurka suka kafa Millati Islami, suka sake zuba matakan nan 12 a kan Alƙur'ani da Sunna. A Iran kuwa, 'yar'uwar wannan ƙungiya ta masu fama da ƙwaya ta yaɗu har ana lissafa ƙasar cikin inda ta fi ƙarfi a duniya.

Ni da na zauna na bi matakan ɗaya bayan ɗaya, na ga abubuwa da yawa da muka sani tun a zaure. Na huɗu ya ce mutum ya zauna ya yi wa kansa binciken ƙwaƙwaf ba tsoro, ya rubuta. Na goma ya ce ya ci gaba da yin haka kullum, in ya yi kuskure ya amsa nan take. Mu muhasaba muke kiran wannan. Na takwas da na tara sun ce ya jera sunayen duk wanda ya cuta, ya je ya gyara, sai inda gyaran zai ƙara cutar da su ko wasu. Ka tuna sharuɗɗan tuba da aka koya mana: nadama, da barin laifin, da ƙudurin ba za a koma ba, sannan in akwai haƙƙin wani a mayar masa. Yawancinmu a na uku muke tsayawa, mu yi kuka a sujada mu tashi, bashin da muka ci don sha yana nan, matar da muka yi wa ƙarya tana nan. Su kuma sun mai da mayar da haƙƙi aiki na takarda da alƙalami, da wani a gefe yana tambayar ka ina aka kwana. Ban ce matakan nan wahayi ba ne. Dabara ce ta mutanen da wuya ta koya wa hankali, ka ɗauki abin da ya dace da addininka kamar yadda kake karɓar allura daga hannun likitan da ba Musulmi ba.

Ta biyu, batun tona asiri. Wannan tambaya ce ta mai ilimi, kuma na ji daɗin da ka yi ta. Gaskiya ne hadisi ya yi kashedi ga mai aikata saɓo da dare, Allah Ya rufa masa asiri, gari ya waye ya bi mutane yana cewa jiya na yi kaza da kaza. Amma dubi wanda ake nufi: mai bayyanawa don alfahari da rashin kunya. Wanda ya je wa likita ya buɗe masa ciwon da ke ƙarƙashin riga, ko ya je wa malami da tambaya kan abin da ya aikata, neman magani ya je yi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kuma ka lura da abin da sirrin ya zame maka a shekara 14: shi ne rumfar da giyar ke fakewa a ciki. Mataki na biyar bai ce ka tsaya gaban taro ka zazzage cikinka ba. Cewa ya yi ka amsa laifinka ga Allah, ga kanka, da ga mutum ɗaya, wanda kai za ka zaɓa. A zaman taro kuwa sunan farko kawai ake faɗa, kana iya shiga ta waya ka kashe kyamara, ka yi wata guda kana saurare ba ka ce uffan ba. Ɓoye suna ginshiƙi ne a wurinsu, har ƙa'idojinsu 12 da suka amince da su a babban taronsu na Cleveland a 1950 suka kira shi tushen sauran duka. Duk da haka zan gaya maka abin da wasu ba sa faɗa: alkawari ne na mutunci tsakanin 'yan'adam, ba doka ce ta ɗaure kowa ba. A inda muke, inda sunan mashayi kan bi mutum har ranar auren 'yarsa, ka yi taka-tsantsan. Kada ka ambaci ma'aikatarku ko unguwarku, kuma manyan sirrikanka ka ajiye wa mutum ɗayan nan.

Ta uku ita ce ta fi nauyi. Ka ce yarda da rashin iko ragwanci ne. Ƙanena, shekara 14 kana gwada ƙarfi, me ya haifar? Likitan da ya yi jinyar Bill Wilson, Dakta William Silkworth, ya bayyana matsalar gida biyu. Jikin mashayi, da zarar kurɓin farko ya shiga, sai ya buɗe ƙishin da ba ya jin birki. Tunaninsa kuma, bayan 'yan kwanaki da wahala, sai ya manta zafin ya fara raɗa masa cewa wannan karon ɗaya kawai. Ka duba rayuwarka ka gani ko ƙarya ya yi. Sau nawa ka shiga da niyyar kwalba ɗaya ka fito da ɗaya? Abin da matakin farko ke nema ka ajiye shi ne wannan ƙaryar ta cewa wata rana za ka iya sha daidai wa daida. Alhakin zuwa asibiti, da ɗaga waya, da kauce wa waccan hanya, duk yana wuyanka. Kuma mu da muke cewa la haula wa la ƙuwwata illa billah sau babu adadi, bai kamata furta rashin dabara da ƙarfi ya zame mana baƙon abu ba. Bambancin kawai, yanzu za ka faɗe ta kana nufin wani abu takamaimai mai suna da wari.

Daga nan ne suka samo dabararsu ta yini ɗaya. Ba sa rantsuwar har abada, domin har abada ta fi ƙarfin mai ƙishi da ƙarfe biyar na yamma. Yau kawai suke ɗauka: daga asuba zuwa barci ba zan sha ba, gobe in Allah Ya kai mu a sake ƙulla niyya. Kai da kake kwana da niyyar azumi dare bayan dare ka san wannan. Sannan kowane sabo yakan nemi jagora daga cikin waɗanda suka daɗe da dainawa, mutumin da za ka kira kafin ka sha, ba bayan ka sha ba. Abokin aikin nan naka da ya shekara shida, da ya tona maka nasa sirrin alhali ba dole, mataki na 12 yake aikatawa, wato kai saƙo ga wanda ke cikin wahala. Kada ka ji kamar kana ɗora masa kaya. Irin abin da ya kai Bill wajen Dakta Bob ne ya kawo shi wajenka. Ba kuma za a nemi kuɗinka ba. Ƙa'idarsu ce ba sa karɓar tallafi daga waje, ɗan abin da 'yan taro suka jefa da son ransu shi ake biyan hayar ɗaki da shayi. Duk wanda ya yanka maka farashi da sunansu, ka san ba su ba ne.

Kada in yi maka alkawarin da ya wuce gaskiya. A 2020 cibiyar Cochrane, mai tantance binciken kiwon lafiya, ta tattara bincike 27 da suka shafi mutum fiye da 10,000, aka ga cewa a tsarin jinyar da ke shigar da mutane wannan ƙungiya, kusan 42 cikin 100 sun cika shekara ba su sha ba, a wasu hanyoyin ba da shawara kuma kusan 35. Sakamako ne mai kyau, amma ka ga fiye da rabi sun yi tuntuɓe a cikin shekarar. Wasu ma ba ta karɓe su ba sam, sai ta hanyar likita da mai ba da shawara suka samu sauƙi. Shi ya sa nake so ka riƙe biyun tare. In ka zame, kada Shaiɗan ya ce maka tunda an ɓata a ƙarasa. A zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai sahabin da aka sha kawowa saboda shan giya, har wani ya la'ance shi don yawan kawo shi da ake yi. Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. Haramcin ya tabbata, hukunci ya hau kansa, amma ba a kore shi daga cikin jama'a ba. Ina yawan tuna hadisin nan idan na ga yadda muke yi da namu. Na yi rashin wani ɗan'uwa ta wannan hanya. Mun yi masa faɗa, mun yi masa rubutu, mun ƙaurace masa, babu ko ɗayanmu da ya zauna ya tambaye shi yadda abin yake a cikinsa, har hantarsa ta gama lalacewa. Shi ya sa wasiƙarka ba ta bar ni na yi barci da wuri ba.

In dangi suka ji suka kawo shawarar a kai ka gidan mari, ka ƙi. An ga abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa a 2019, mutane ɗaruruwa, wasu da sarƙa a ƙafa. Sarƙa tana raba mutum da kwalba muddin tana ƙafarsa ne kawai.

Saura uwargida. Ba ka ambace ta ba sai a lissafin iyali, amma ina kyautata zaton ta sani. Macen da ke wanke kayanka, take jin shigowarka da dare, take ganin albashi yana ƙarewa kafin tsakiyar wata, ba ta buƙatar a gaya mata. Wataƙila shekaru ta yi tana rufa maka asiri wajen 'ya'ya da danginta, ita ma ita kaɗai. Matar Bill Wilson, Lois, ta ɗanɗani irin wannan, shi ya sa a 1951 ta haɗu da wata suka kafa Al-Anon domin iyalan mashaya. Ka zaunar da ita, amma kada ka sake yi mata rantsuwa, ta ji isassu ko da ba da baki ka yi mata su ba. Ka gaya mata ranar da za ka ga likita, ka roƙe ta ta raka ka, ka damƙa mata katin cirar kuɗinka na 'yan watannin farko. Idan ba ta nuna farin ciki nan take ba, kada ka yi fushi. Yarda da aka shekara 14 ana ci ba ta dawowa a mako guda. 'Yarka kuma tana da haƙƙin ban-haƙuri daga bakinka, da kalmomi daidai shekarunta, cewa laifin Baba ne ba nata ba. Kaffarar rantsuwoyinka uku ka tambayi malamin da ka amince da shi, abu ne mai sauƙin fita.

Gobe in ka je ofis, ka ja abokin nan gefe ka ce masa ka shirya, ya ba ka lokacin zama na gaba, ka kuma karɓi izinin kiransa ko da tsakar dare ne. A cikin makon nan ka je Barnawa. Tsakanin La'asar da Isha, lokacin da motarka ta saba karkata, ka cika shi da wani abu da wani mutum zai lura in ba ka zo ba, ko karatun Magariba ne a masallacin unguwa. Bayan kwana 30 ka sake rubuto mini, ko ka tsaya ko ka zame, ina son in ji. Allah Ya ba ka lafiya, Ya shirya mana zuriya.